Laba Arba'in Kafin Ƙarfe Huɗu

Bas ta sauke ni a Winnipeg ƙarfe goma sha biyu saura. Awa shida ina zaune. Gwiwoyina sun sandare, kafaɗar dama tana zugi yadda ta saba. Na rataya jakata, na rungumi buhun da na sa wata kujera a ciki, na tari tasi.

Sunana Orest Palamar. Shekarata saba'in da huɗu. Shanu na kiwata har ƙarfina ya ja baya, yanzu saura guda tara da filin ciyawa. Aji huɗu na yi a makaranta, mahaifina ya ce ya isa haka. Ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

'Yata Corinne tana asibitin masu neman rabuwa da ƙwaya. Wata uku ke nan. Ban san ta shiga ba sai da wasiƙa ta zo daga ofishin kula da yara, domin mun shekara biyu ba ma magana. 'Yarta Joelle, mai shekara huɗu da rabi, tana hannun wasu mutanen da ban sani ba. Sau biyu na je kotu. Suka zo suka duba gidana, suka leƙa har cikin firij. A ƙarshe alƙali ya ce a ba ni ita, amma a miƙa ta kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a. In ba haka ba takardar ta mutu, sai an sake zama bayan wata biyu. Mutanen da ke riƙe da ita kuma ran Litinin za su bar gari. Ke nan gida na uku za a kai ta.

Abu ɗaya aka ce in zo da shi: kujerar da ake ɗora yaro a kai cikin mota. Ba na tuƙi a birni, don haka na bar tsohuwar motata a tashar garinmu. Kujerar sai ta shiga tasi, ta shiga bas, ta shiga motata. Dole ta ɗauku da hannu ɗaya.

Sai na yi ta da kaina. Kwana uku na yi a kanta. Katako mai kauri, na goge shi har ya yi santsi, na manna soso, na lulluɓe da fatar tunkiya, na yi mata marataya ta igiya. Na hau kanta da kaina, ni mai laba ɗari da casa'in. Ko ƙara ba ta yi ba.

Ma'aikaciyar da ke riƙe da maganar Joelle sunanta Misis Lavallee. Gajera ce, mai furfura, biro a maƙale a kunne. Na fitar da kujerar daga buhu na ɗora mata a tebur.

"Mista Palamar, wannan kuma mene ne?"

"Kujera."

"Na ga kujera ce. Wa ya yi ta?"

"Ni."

Ta juya ta, ta duba ƙarƙashi, ta shafa fatar.

"Aiki ya yi kyau. Ina ma kai ka yi mini teburin kicin. Amma ba zan ɗora yarinya a kanta ba."

"Ta fi duk robar da suke sayarwa ƙarfi."

"Ban musa ba. Ba ta da tambarin gwamnati. Wani ɗan zagaye ne mai ganye a tsakiya. In babu shi, babu sa hannuna."

"Uwar yarinyar nan a kan cinyata ta girma cikin mota. Ba ta mutu ba."

"Don Allah kar ka ƙara faɗin wannan a cikin ginin nan."

Na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ta dubi agogon bango. Ɗaya saura minti goma.

"Saurara," ta ce. "Akwai babban kanti a tsallaken kogi, tafiyar minti ashirin. Kowane kwali an rubuta nauyin yaron da zai hau. Ƙananan nan masu sauƙin ɗauka, sai yaro ya kai laba arba'in. In bai kai ba, sai babba mai maɗauri."

"Labarta nawa?"

Ta buɗe fayil. "Talatin da shida ran da aka karɓe ta. Wata uku da suka wuce ke nan."

"A auna ta yanzu."

"Sikelin yana ɗakin nas, nas ta fita cin abinci da makulli. Ni kuma ana jirana a wani gida, na riga na makara. Ƙarfe uku zan dawo in auna ta a gabanka. Huɗu na bugawa, hannuna ya fita daga maganar. Ba ni na tsara haka ba."

A hanyar fita ta tsayar da ni a jikin wata taga ta gilashi. Ɗakin wasan yara ne. Yarinya ɗaya ce a ciki, zaune a ƙasa, cikin jibgegiyar rigar sanyi shuɗiya da manyan takalman ƙanƙara. Ɗakin da ɗumi, amma ta zuge rigar har wuya. Ba ta taɓa kayan wasan ba. Rabona da ita tun tana goye.

"Tun safe ta ƙi cirewa," in ji Misis Lavallee. "An ce mata yau za ta tafi."

Na dube ta da kyau. Shekara hamsin ina duban maraƙi in faɗi nauyinsa kafin ya hau sikeli, kuma mutane sun san ba na kuskure. Faɗin kafaɗa, kaurin ƙafa. Wata uku tana cin abinci sau uku a rana. Maraƙi a wata uku yakan kusa ninka kansa. Na ce a raina, arba'in da biyu.

Na bar kujerata a gindin teburin na fita.

Kantin ya fi rumfar gwanjon shanun garinmu girma. Sai da na zagaya sau biyu kafin na sami layin kujerun. Sun fi talatin, jere har sama, kowace da kwali mai hoton yaro yana dariya. Na tsaya. Lamba ina karantawa sarai. Manyan baƙaƙe ma ina haɗawa in an ba ni lokaci. Amma rubutun kwalayen nan ƙanana ne kamar tururuwa, rabi kuma Faransanci.

Wata mata ta zo, sanye da rigar kantin, sunanta a ƙirji: Luz. Za ta yi shekara sittin. Da ƙyar kanta ya kai kafaɗata.

"Dattijo, ka daɗe kana hararar kwalayen nan. Sun yi maka laifi ne?"

"Kujera nake so. Wadda za ta ɗauku da hannu ɗaya. Mai tambari."

"Duk na nan da tambarinsu. Jika?"

"Jika. Mace."

"Labarta nawa?"

"Arba'in da biyu."

"Ka auna?"

"Na duba."

"Da ido?"

"Da ido."

"Mijina ma da ido ya auna firij ɗin da ya sayo mana. Yana nan a baranda har yau, ya ƙi shiga ƙofa."

Ban yi dariya ba. Ba ta damu ba. Ta sauko da guda uku ta jere a ƙasa.

Ta farko 'yar ƙarama ce, tana ninkewa har ta shiga aljihun riga. Ta biyu kamar matashi mai tauri, da hannuwa biyu a gefe da marataya, nauyinta bai fi na burodi ba. Ta uku babba ce, mai baya da wurin jingina kai, da maɗauri biyar da ke haɗuwa a tsakiya.

"Waɗannan biyun ba sa riƙe yaro," ta ce. "Ɗaya ɗaga shi take yi, ɗaya kuma janyo bel ɗin take yi ƙasa, don ya bi ta ƙashin ƙugu da kafaɗa, kar ya bi ta ciki da wuya. Bel ɗin mota shi ke yin aikin. In yaron bai cika ba, ana taka birki da ƙarfi sai ya sulale ta ƙarƙashi. Babbar ita ce ke riƙe yaro da kanta. In ta girma ka cire maɗaurin, ta koma irin waɗancan."

Na kama babbar da hannun dama na ɗaga. Kafaɗar ta amsa har cikin haƙorana. Na ajiye. Na lissafa: jakata, jakar yarinya, hannun yarinya, matakalar bas, ƙanƙara a ƙasa. Hannu biyu gare ni, ɗaya ma rabi ne.

Na ɗauki mai ninkewar. Na murɗa ta kaɗan, ta yi laƙwas. Ban yarda da abin da zai shiga aljihu ba. Na ajiye na ɗauki matashin. Wannan da ƙwari. Na danna da gwiwa, bai lotsa ba.

"Karanta mini abin da ke nan," na ce. "Na manta tabarau."

Ta dubi fuskata. "Ga shi nan a kan hancinka."

Muka dubi juna. Sai ta ja kwalin ta karanta, a hankali, ba ta ƙara kallona ba. Daga laba arba'in zuwa ɗari. Sai da bel mai bi ta kafaɗa. A kujerar baya in akwai. Kar a ɗaure yaro cikin riga mai kauri.

"Motarka tana da bel na kafaɗa?"

"Tana da shi."

"Dattijo, in ni ce, babbar zan ɗauka. Laba biyu ba tazara ba ce."

"Ba ke ba ce."

"Haka ne. Ni ba na auna mutane da ido." Ta miƙo mini kwalin. "Kar ka yar da rasit."

Uku saura minti goma na koma ofishin. Na zauna a benci da kwalin a cinya. Uku ta buga. Uku da biyar. Uku da goma. Matar da ke teburin ƙofa tana ta cin gyaɗa tana danna waya. Na tashi na tambaye ta. Ta ce Misis Lavallee tana hanya. Na koma na zauna. Na sake tashi.

Uku da kwata ta shigo da gudu, dusar ƙanƙara a gashinta. Ta karɓi kwalin ta juya, ta sa yatsa a kan tambarin.

"Yauwa. Wannan ita ce magana. Zo."

Ta buɗe ɗakin nas, ta je ta kawo yarinyar. Joelle ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona daga ƙasa har sama. Idanun uwarta ne, babu tambaya.

"Kai ne Gido?" Haka jikoki ke kiran kaka namiji a wajenmu.

"Ni ne."

"Mama ta ce kana da faɗa."

"Gaskiya ta faɗa."

"Kana da doki?"

"Shanu."

"Shanu wari suke yi."

"Ke ma in kika kwana cikin rigar nan za ki yi."

Ta ƙanƙame wuyan rigar da hannu biyu. Misis Lavallee ta durƙusa ta kai hannu kan zif ɗin.

"Joelle, 'yar kirki, minti ɗaya kawai. Mu cire, ki hau, mu mayar."

Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Irin ƙarar da ke shiga ƙashi. Ta manne da bango. Wayar da ke aljihun matar ta fara ringi, ta kashe, ta sake ringi. Ta dubi agogo.

"To, to, shi ke nan. Hau haka nan."

Joelle ta hau sikelin. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Arba'in da ɗaya da rabi.

"Rigar ba za ta wuce laba ɗaya ba," in ji Misis Lavallee. "Ta haye da ƙyar." Ta zaro biron daga kunne, ta ɗora takardar a kan gadon nas, ta fara cikewa.

Na sa hannu a hammatar yarinyar don in sauke ta daga sikelin. Hannuwana suka nutse cikin rigar, suka yi ta nutsewa kafin su sami mutum. Haƙarƙari. Na ɗaga ta. Takalman suka ja ƙafafunta ƙasa. Wani abu mai tauri a aljihun rigar ya buge ni a ƙirji, wani kuma a ɗaya aljihun.

Buhun gishirin da nake saya laba arba'in ne. Na ɗauki dubbansa. Ko idona a rufe na san shi. Abin da ke hannuna, in ka cire riga da takalma da kayan aljihu, bai kai buhun gishiri ba. Bai ma yi kusa ba. Idona ya yi ƙarya, hannuna kuwa bai taɓa yi ba.

Na sauke ta. Biron yana ta tafiya. Layi uku suka rage, sai wurin sa hannu. Babu wanda ya sani sai ni. In na yi shiru, nan da minti biyu yarinyar tawa ce, bas ta huɗu da rabi tana jiranmu.

Daga tashar garinmu zuwa gona mil ashirin da biyar ne, tsakuwa da ƙanƙara. Barewa takan faɗo hanyar ba sallama. Bara sau biyu na taka birki har goshina ya kusa gilashi. Na tuna kalmar da Luz ta faɗa. Sulalewa.

"Dakata," na ce.

Ta ɗago.

"A cire mata rigar. Da takalman."

"Mista Palamar." Ta rage murya. "Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani."

"Uku da minti ashirin da biyar."

"Ina ganin agogo."

Ta ajiye biron. Joelle ta ja baya har ta bugi kwandon shara.

"Ba zan cire ba! In na cire tafiya za ka yi. Wancan gidan ma haka suka yi, suka ce in cire in yi wasa."

Ban iya lallashi ba. Corinne za ta ba ku labari. Na tsaya ina kallonta, ita ma tana kallona, agogon yana tafiya. Sai na zuge rigata na yar a ƙasa. Na zauna a kan kujerar nas na kwance takalmana, ɗaya bayan ɗaya, na tura su gabanta. Safata ta hagu a huje take, babban yatsa a waje. Na zaro makullin motata da tikitin bas guda biyu na miƙa mata.

"Riƙe. Ba takalmi, ba makulli, ba tikiti. Ina zan je?"

Ta dubi tikitin. "Biyu ne."

"Kin iya ƙirga."

Ta dubi yatsana. "Safarka ta mutu."

"Ta daɗe da mutuwa. Cire rigar."

Ta ɗau lokaci. Ta fara da aljihu. Duwatsu huɗu, gwangwanin lemo, 'yar motar ƙarfe, cokali, kwaɗon ƙofa mara makulli. Ta jere su a ƙasa kusa da takalmana. Sannan ta zuge. Abin da ya fito daga cikin rigar bai kai rabin abin da na gani ta gilashi ba.

Ta hau sikelin, makullina a hannunta. Talatin da bakwai da rabi.

Misis Lavallee ta sa hannu ta rufe bakinta, ta sauke.

"Da ka yi shiru da na sa hannu."

"Na sani."

"Yanzu ba zan iya ba."

"Shi ma na sani."

Uku da minti talatin da huɗu. Zuwa kantin minti ashirin, dawowa ashirin, ban da neman tasi. Ko aji huɗu ya isa wannan lissafin. Joelle tana kallon bakinmu, ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa roƙon mutum ba. Ko a shekarar fari ban roƙi kowa ba. Na miƙe tsaye a cikin safa, na cire hulata.

"Misis Lavallee. Kuskuren nawa ne, ba nata ba. In akwai hanya, ina roƙonki."

Ta ɗauki takardar alƙalin ta bi ta da yatsa, leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta koma sama.

"An ce kafin huɗu. Ba a ce a wane ɗaki ba." Ta cusa takardun a jaka. "Akwai kujerar aiki mai maɗauri a motata. Sa takalmanka. Kar ka tsaya ɗaure igiya."

Ta ɗaure Joelle a baya cikin ƙiftawar ido, ta lulluɓa mata rigar a kan cinya. Na zauna a gaba da kwalin. Matar nan tuƙi take yi kamar mai kai nakuda asibiti. Muka haye gada. Fitila ta farko kore. Ta biyu kore. Na fara numfashi.

Sai ƙararrawar jirgin ƙasa. Sandar ta sauko a gabanmu, mu ne mota ta biyu.

"Kai, ba yau ba," in ji Misis Lavallee. Ta bugi sitiyari da tafin hannu.

Taragun hatsi ne. Na san irinsu, sukan kai ɗari. Suna wucewa a hankali kamar masu zuwa jana'iza. Agogon motar ya ce uku da arba'in da huɗu. Na ƙi ƙirgawa. Joelle ce ta fara daga baya.

"Goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha huɗu."

"Kin tsallake ɗaya," na ce.

"Ban tsallake ba."

"Kin tsallake."

"Kai ka ƙirga to!"

Arba'in da shida. Arba'in da bakwai. Misis Lavallee ta zaro takardar ta cike layi ukun da suka rage a kan sitiyari, ta bar wurin sa hannun a buɗe. Na ga ta bar shi. Ta ga na gani.

"Sai na ga kujerar, sai kuma na ga ka ɗaure ta da hannunka," ta ce. "Ba ni zan bi ku gona ba."

Taragon ƙarshe ya wuce a arba'in da tara.

Ta tsaya a ƙofar kantin, inda ba a tsayawa. Hamsin da uku. Rabona da gudu ya fi shekara goma. Na yi wani abu mai kama da shi, igiyoyin takalma suna ja a ƙasa. Luz tana kan tsani a layin kujerun. Ta hango ni, ta hango kwalin.

"Firij ya ƙi shiga ƙofa ko?"

"Talatin da bakwai da rabi. Huɗu za ta buga."

Ba ta tambayi me zai faru in ta buga ba. Ta sauko, ta fizge kwalin daga hannuna, ta sungumi kwalin babbar kujerar daga ƙasa.

"Kama wancan gefen. Da hagu, na ga yadda ka yi ɗazu." Muka wuce ta gaban mai karɓar kuɗi. "Musanya ce!" ta ƙwalla masa. "Zai dawo da rasit, ni na tsaya masa."

A bakin mota muka yage kwalin. Misis Lavallee ta duba tambarin, ta duba lambobin, ta ɗora kujerar a ɗaya gefen bayan, ta zura bel ta bayanta, ta hau da gwiwa ta ja, ta maƙala wata igiya ta sama a wani ƙarfe bayan kujerar motar.

"Motarka ta wace shekara ce?"

Na faɗa mata.

"Akwai irin ƙarfen nan a bayan kujera. Ka neme shi, kar ka tsallake. Yanzu sa ta."

Na ɗauko Joelle na zaunar da ita. Iska tana kaɗawa, ba rigar sanyi a jikinta, haƙoranta suna haɗuwa. Yatsuna masu kauri ne, sanyi kuma ya ƙara musu. Na zura hannunta ɗaya cikin maɗaurin, na zura ɗayan. Ƙarfen maɗauri na farko ya shiga raminsa. Na biyu ya ƙi.

"Ya murɗe, dattijo," in ji Luz. Ta kai hannu.

"Bar shi," in ji Misis Lavallee. "Shi zai yi."

Na zare, na warware, na sake turawa. Ya zame. Joelle ta riƙe numfashi ta shigar da cikinta don ta ba ni wuri. Na tura da babban yatsa. Ya ce ƙas.

"Saura maƙalin ƙirji," in ji Misis Lavallee. "Ɗaga shi daidai hammata. Ja igiyar ƙasa. Ƙara. Yanzu mintsini maɗaurin a kafaɗarta."

Na mintsina. Yatsuna suka zame, ba abin kamawa. Ya matse yadda ake so ke nan.

Ta dubi agogon hannunta, ta ɗora takardar a kan rufin motar. Biron ya ƙi rubutu saboda sanyi. Ta hura masa iska, ta goga a tafin hannunta. Ya kama. Ta sa hannu, ta rubuta uku da hamsin da takwas, ta juyo mini da takardar. Sunana na iya rubuta shi tun aji ɗaya. Bai taɓa ɗaukar mini lokaci kamar ranar ba.

Luz ta ja ni ciki muka gama da rasit. Ta samo wata igiya ta ɗaura wa kujerar don ta ratayu a baya.

"Nan da shekara ka dawo," ta ce. "Da sikeli."

Misis Lavallee ta kai mu tasha. Ta kwance kujerar, ta taimaka na saɓa ta a kafaɗar hagu. Jakata a wuya, jakar yarinyar a hannun hagu. Hannun dama ba ya ɗaukar kaya, amma ya iya riƙe hannu. Na ce mata na gode. Ta ce Laraba za ta kira, in tabbata ina kusa da waya.

Mutane sun yi layi a jikin bas. Muka tsaya a ƙarshe. Joelle ta mayar da rigarta, aljihunan sun sake kumbura.

"Gido."

"Na'am."

"Kwana nawa zan yi a gidanka?"

"Har mamarki ta fito."

"In ta daɗe fa?"

"Sai ki daɗe."

Layin ya matsa. Muka kusa ƙofa. Sai ta ja hannuna ƙasa, na sunkuya da kayan duka.

"Wani lokaci ina fitsarin kwance."

"Sai mu wanke."

Direba ya miƙo hannu. Ta zaro tikitin daga aljihu ta ba shi, guda biyu.